Takaici Ɗan Aike Ne: Yadda Za Ka Karɓi Saƙonsa Ba Tare da Ya Ƙona Ka Ba

Ana gobe Sallah, bayan la'asar, na tsaya a ƙofar shagon telana. Sati biyar ke nan da na kai masa shadda, kuma zuwana uku yana ce min, "Gobe in sha Allahu, Malam." Da na leƙa ciki sai na hango yadin nawa a kan benci, ko almakashi bai taɓa shi ba. Abin da na faɗa wa bawan Allahn nan a gaban yaran shagonsa ba zan maimaita shi a nan ba. Na dai koma gida hannuna na rawa, na tarar ƙaramar 'yata ta ɓarar da ruwa a kan tabarma, na daka mata tsawar da ta fi ƙarfin laifinta nesa ba kusa ba. Haushin kaza, huce kan dami. Can da dare, bayan yara sun yi barci, uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wai ɗinkin ne kawai?"

Na so in ce eh, amma na san ba gaskiya ba ne. Ina da kaya masu kyau a akwati da zan sa in je Idi ba wanda zai lura. Abin da ya ci min rai shi ne na ga riguna a rataye na mutanen da na tabbata bayana suka kawo nasu. Wato ni ne wanda za a iya ajiyewa a gefe. A nan ciwon yake. Da na bi sawu daga baya, sai na tarar kusan duk faɗan da nake yi, a wurin aiki, a layin banki, har a cikin gida, daga wannan miki ɗaya yake fitowa.

Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Takaici ma haka yake. Duk sanda ya zo, da saƙo yake tafe game da kai: abin da kake tsoro, abin da kake ganin haƙƙinka ne, da inda ka gaji. Yawancinmu hanya biyu muka sani, ko mu fashe, ko a ce mana "sai haƙuri" mu haɗiye. Mai fashewa ya ƙona wasiƙar har da ɗan aiken. Mai haɗiyewa ya cusa ta a aljihu bai karanta ba, yana ta tarawa har aljihun ya yage ran da ba a zata ba. Matakan da ke tafe hanya ce ta buɗe wasiƙar a karanta. Na jera su yadda suka yi min aiki, kuma jerin yana da dalili, don wanda ya fara da tunani alhali jikinsa na tafasa wahalar banza zai sha.

Mataki na farko: san inda wutarka ke fara kamawa

Fushi a jiki yake sauka kafin ya kai ga harshe. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango abin da ya yi kama da barazana sai ya buga ƙararrawa, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, jiki ya ɗaure ya yi shirin faɗa ko gudu. Matsalar mai gadin nan ita ce bai san bambancin kura da ɗan adaidaita sahun da ya sha gabanka a danja ba. Ƙararrawa ɗaya yake buga musu.

Kowa da inda nasa ke fara nunawa. Ni wuyana ke ɗaukar zafi, sai in ji na dantse haƙora. Wani kunnuwansa ne, wata ƙirjinta ke yin nauyi, wani muryarsa ke fara rawa, wani kuma ƙafa yake kaɗawa. A satin farko aikinka ɗaya ne tak: kada ka yi yunƙurin gyara komai, lura kawai za ka yi. Duk sanda ranka ya ɓaci, tambayi kanka, a ina na fara ji? In ka kasa ganewa, tambayi matarka ko mijinki, ko abokin da kuke wuni tare a shago. Sun riga ka sani tuntuni. Tsakanin wannan alama ta farko da fitar magana akwai 'yan daƙiƙoƙi, kuma a cikinsu mataki na biyu yake aiki.

Mataki na biyu: sauke tukunya daga kan wuta

Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya haddace hadisin mutumin da ya nemi Annabi (SAW) ya yi masa wasiyya, aka ce masa kada ka yi fushi, ya yi ta maimaita tambayar ana maimaita masa amsar. Abin da ba mu cika haɗawa da shi ba shi ne sauran hadisan da suka zo da yadda za a yi a aikace: wanda ya yi fushi ya yi shiru, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, in a tsaye yake ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ka lura, babu inda aka ce ya tsaya ya yi nazari a lokacin. Baki da jiki aka fara kamawa.

Don haka da ka ji alamar nan taka, rufe baki tukuna. Yi a'uziyya. Nemi wuri ka zauna, ko da kan dakali ne ko bencin mai shayi. Sannan ka kama numfashinka: shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, ka fitar a hankali ta baki kana ƙirga shida ko takwas. Yi haka kamar sau goma. Sirrin yana wurin fitarwar. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa ƙirji da ciki, ita ce birkin zuciya, kuma duk sanda kake fitar da numfashi bugun zuciya yakan ɗan lafa. In akwai ruwa kusa, yi alwala, ko ka wanke fuska da wuya.

In abin ya fi ƙarfin zama, bar wurin, amma ka faɗi lokacin dawowa. "Bari in je in dawo, ma yi maganar bayan magariba." Wannan daban yake da ficewar da ake yi a bugo ƙofa. Wanda ya fita bai ce komai ba ya bar ɗan'uwansa da zullumi, kuma zai dawo ya tarar da wuta biyu maimakon ɗaya. Ba wa kanka aƙalla minti ashirin zuwa rabin awa, kuma a lokacin kada ka zauna kana shirya amsar da za ka mayar. Wannan ƙara itace ne.

Waya kuwa, ajiye ta. Magana zarar bunu ce tun kafin a san WhatsApp, balle yanzu da saƙon murya na minti uku zai iya zagaya dangi kaf kafin ka gama hucewa. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana alƙali ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. In alƙali da iliminsa an hana shi, ina ga ni da kai? Saki, korar yaron shago, ajiye aiki, yanke zumunci, duk hukunci ne. Mutum nawa muka gani suna yawon gidajen malamai neman mafita saboda kalmar da ta fita cikin minti ɗaya?

Akwai wata shawara da ke yawo, wai in ranka ya ɓaci ka daki filo ko ka yi ihu abin ya fita. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Brad Bushman, ya gwada wannan a binciken da ya wallafa a 2002. An fusata mutane, aka sa wasu su daki buhun 'yan dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu kuma aka bar su zaune ba su yi komai ba. Masu dukan sun fi fusata daga baya. Waɗanda suka zauna shiru su suka fi hucewa.

Mataki na uku: kira abin da sunansa

Da jiki ya lafa, sai tambaya ta farko: mene ne ainihin abin da nake ji? "Raina ya ɓaci" babban buhu ne, komai ana zubawa a ciki. Hausa kuwa ba ta rasa kalmomi ba. Haushi daban, takaici daban. Haushi na wanda ya yi maka abu ne, takaici kuwa na abin da ka so ya yiwu ya ƙi, kuma ba ka da yadda za ka yi. Akwai jin kunya, kamar wanda aka gwale a gaban mutane. Akwai jin an raina ka. Akwai fargaba, wadda ta fi kowa iya sa rigar fushi: magidancin da ke faɗa a kan an cika mai a miya, sau da yawa lissafin kuɗin cefanen sati mai zuwa ne ke cin sa. Akwai kishi, akwai kewa, akwai gundura, akwai gajiya zalla. Akwai ma hassada, wadda ba mai son amsa sunanta, amma in ita ce gara ka faɗa wa kanka gaskiya, ba wanda ke jin ka.

Faɗi jimla guda a zuci ko a takarda: "Ina jin an raina ni." "Tsoro nake ji kuɗin nan ba za su kai ƙarshen wata ba." A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas sun duba ƙwaƙwalwar mutane da na'ura suna nuna musu hotunan fuskoki masu fushi da tsoro. Sun ga cewa idan mutum ya ambaci sunan yanayin da ke fuskar, mai gadin nan amigdala yakan rage ƙara. Ni dai abin da na gani a kaina shi ne, muddin ban sa wa abin suna ba, kowa a gabana mai laifi ne. Da na ce "kunya na ji", sai yawan masu laifin ya ragu.

Mataki na huɗu: raba abin da ya faru da fassarar da ka yi masa

Ka tura wa yayanka saƙo tun safe, alama ta nuna ya karanta, har la'asar bai amsa ba. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari. Amma kafin azahar zuciya ta riga ta rubuta littafi: tunda ya samu kuɗi ya daina ganin mutane, dama haka matarsa take so, ai ko a bikin bara ma haka ya yi. Zafin da kake ji, daga littafin yake fitowa. Albert Ellis, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, tun a shekarun 1950 ya gina hanyarsa ta yi wa masu damuwa jinya a kan wannan: tsakanin abin da ya faru da abin da ka ji akwai abin da ka gaya wa kanka, kuma a nan ake gyara.

Ga yadda za ka yi. Faɗi abin da ya faru kamar mai ba da shaida a gaban alƙali, abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji kaɗai. Sannan ka faɗi fassararka daban. Sai ka tilasta wa kanka kawo wasu fassarori uku da su ma za su iya zama gaskiya: yana tuƙi, yaro ne ya buɗe wayar, yana jin nauyin ce maka ba shi da abin da ka nema. Ba dole ka yarda da su ba. Amfaninsu su tuna maka cewa zato kake yi. Magabata sun yi ta horo da nema wa ɗan'uwa uzuri har saba'in, to uku ai ba su yi yawa ba.

Ka kuma sa kunne ga wasu kalmomi da ke shigowa cikin fassarar: "kullum", "bai taɓa ba", "da gangan", "dole", "ya kamata a ce". In ka ji su, tsaya ka bincika. Da gaske kullum ne? Sannan ka duba wani son kai da dukkanmu muke da shi. In ni na makara, cunkoso ne a hanya. In wani ya makara, rashin mutunci ne. Laifi tudu ne.

Wani lokaci za ka bincika ka tarar fassararka ta farko ita ce daidai, raina ka ɗin aka yi. To, ka sani ke nan da hujja, kuma mataki na shida na jiran ka.

Mataki na biyar: littafin hisabi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne gundura, kuma shi ya fi kowanne amfani. Ana jingina wa Sayyidina Umar maganar nan ta ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Mun saba jin ta a wa'azi, amma ɗan kasuwa ya san hisabi ba ya yiwuwa da ka, sai da littafi.

Sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare. Kowane dare bayan isha'i, minti biyar, rubuta ɓacin rai ɗaya ko biyu na ranar. Ƙarfe nawa ne, kuma a ina? Da wa? Me ya faru, a yaren mai shaida? Me na gaya wa kaina? Wane suna na sa wa abin da na ji, kuma in ana aunawa daga 1 zuwa 10, nawa ya kai? Me na yi? A ƙasa ka ƙara layi guda game da jiki: na ci abinci? Awa nawa na yi barci? Wanda rubutu ke yi wa wuya ya yi da ajami, ko ya naɗi muryarsa a waya ya sa mata makulli. Ka ɓoye littafin inda ba mai gani, don in ka san za a karanta, ƙarya za ka rubuta.

Kada ka koma baya ka karanta sai bayan sati uku. Ranar da ka zauna ka karanta gaba ɗaya, abu biyu za ka nema.

Na farko mai sauƙi ne: lokaci da yanayin jiki. Ni na tarar yawancin nawa tsakanin azahar da la'asar suke, a ranakun da na fita ban karya ba. Wata za ta ga nata na safe ne, lokacin shirya yara makaranta, bayan daren da jariri ya hana ta barci. Wanda ya yi watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafi ya haura digiri 40 kuma an ɗauke wuta, ya san ba halinsa ne ya canja ba. Mai azumi ya san yadda yammaci yake. Irin wannan ba ya buƙatar dogon nazari. Ka ci abinci, ka sha ruwa, ka kwanta da wuri, kuma ka daina tayar da magana mai nauyi a sa'ar da ka san kai ba kai ba ne.

Na biyu shi ne mikin. Duba layin "me na gaya wa kaina", za ka ga jimla ɗaya tana ta dawowa cikin kaya daban-daban. Tawa ita ce "ba a ɗauke ni a bakin komai ba." Ta wani ita ce "komai ni kaɗai aka bar wa." Ta wata, "duk abin da na yi ba na burgewa." Ta wani kuma, "za a cuce ni in ban tashi tsaye ba." In ka samo taka, yi mata tambayar da uwargida ta yi min, ka yi ta tonawa. Me ya sa jinkirin tela ya yi min zafi haka? Don ya nuna wasu sun fi ni. In sun fi ni a wurinsa fa, sai me? Sai ya zama ban isa ba. A ina na fara jin ban isa ba? Nan na yi shiru, don na tuna. Na taso a gida mai yara da yawa, ina tsakiya, kuma a rabon komai sai an gama da manya an lallashi ƙanana kafin a tuna da ni. Ba wanda ya yi da mugunta. Amma ga shi na haura arba'in ina karɓar bashin a wurin tela.

Sanin wannan bai kashe mikin ba. Abin da ya canja shi ne yanzu in aka taɓa wurin nakan gane shi, in ce a raina, "To, ga shi nan ya motsa." Kashi biyu na zafin na mai laifin ne, sauran takwas ɗin tsohon kaya ne na taho da shi, kuma ba adalci ba ne in sauke masa duka.

Wani abin da littafin zai nuna maka mai daɗin ji ne. Abin da ke ba ka takaici yakan nuna abin da kake daraja. Wanda saɓa alkawari ke ƙona wa rai, mutum ne mai riƙon alkawari. Wadda rashin tsafta ke tayar wa hankali, mai son tsari ce. Ba za ka jefar da wannan ba, za ka dai daina tsammanin kowa irinka ne.

Mataki na shida: kasa shi uku

Ba kowane takaici ne daga cikin kai yake ba, kuma rainin hankali ne a ce wa mutum matsalarsa duk tunani ce. Wanda ya kwana a layin cirar kuɗi a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira, ko wanda kuɗin motarsa ya ninka bayan cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, ba fassara ce ta dame shi ba. Saboda haka duk abin da ya rage bayan ka huce, ka jefa shi a ɗaya daga cikin kwanduna uku.

Kwandon farko na abin da hannunka zai iya gyarawa ne. Cunkoson safe na sa ka makara kullum, fita kafin lokacin da minti ashirin. Ana ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, yi cajin komai da dare. Ƙananan gyare-gyare ne, amma abin mamaki ne yadda mutum zai shekara yana tsaki a kan abin da dabara ɗaya za ta kawar.

Kwando na biyu na abin da sai an yi magana. A nan ne masu zurfin ciki ke cutuwa. Gaskiya ne ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ba rumbu ba ne kuma. Zaɓi lokacin da ku biyun kuka ci kuka huta, ba a gaban yara ko baƙi ba. Faɗi abu ɗaya, na kwanan nan, kada ka tono na shekara biyar. Faɗi abin da ya faru, yadda ka ji, da abin da kake roƙo. "Yaya, jiya da ka yi min faɗa a gaban yaran shago na ji kunya ƙwarai. Don Allah in na yi kuskure ka kira ni gefe." Ko kuma, "Maigida, in za ka yi dare ka ɗan kira ni, hankalina ba ya kwanciya." Gwada wannan da "kai dama ba ka san darajar mutane ba", ka ga wanne za a iya amsawa. In wanda ya ɓata maka na gaba ne da kunya ba za ta bari ka tunkare shi ba, suruki ko kawu, al'adarmu ta riga ta tanadi hanya: nemi wanda yake jin nauyinsa ya isar. Abin da ba ya cikin hanyoyin shi ne gaba, wadda addini ma bai yarda ta wuce kwana uku ba.

Kwando na uku na abin da ba ka da iko a kai: halin wani babba da ya riga ya kafu, farashin kasuwa, abin da ya riga ya wuce. Nan ne gidan haƙuri na gaskiya. Bambancinsa da haɗiyewa shi ne ka duba, ka gane, ka zaɓi ka bari da saninka. Alamar ka bari ɗin ita ce ka daina ba da labarin. In har yau duk wanda ya zauna kusa da kai sai ya ji abin da aka yi maka, to yana kwando na biyu, magana yake nema.

Mataki na bakwai: shirya amsa tun kafin a yi tambaya

Littafinka ya riga ya gaya maka inda ake tare ka. Ɗauki wurare biyu kacal, ka yanke abin da za ka yi da sigar "in kaza ya faru, zan yi kaza." In yara suka fara rigima ina shigowa gida, zan wuce ɗaki in sha ruwa in zauna minti biyar kafin in ce uffan. In kwastoma ya taya kayana da rainin wayo, zan ce "albarka" in yi murmushi in ƙyale. Peter Gollwitzer, masani Bajamushe, ya yi bayanin wannan dabara a 1999: niyyar da aka ɗaura wa takamaiman lokaci da wuri ta fi "daga yau na daina fushi" cika. Kada ka ɗauki goma. In biyun sun zauna, ka ƙara.

In ka sake fashewa

Za ka sake, kada ma ka yi shakka. Ranar da hakan ta faru, kada ka ce ai ni dama haka Allah Ya yi ni, ka yar da littafin. Koma wurin wanda ka ɓata wa, ka ba da haƙuri ba tare da "amma kai ma" ba. Har yara. Na san da nauyi uba ya ce wa 'yar shekara biyar "yi haƙuri, tsawar da na yi miki ta yi yawa", amma yaron da ya ga babba ya yi haka ya koyi abin da ba a koyarwa da baki. Da dare ka rubuta abin a littafi kamar sauran, ka duba a wane mataki ka zame.

Akwai kuma inda wannan jagora ba ta isa ba. In fushinka ya kai ga duka ko fasa kaya, in iyalinka sun fara tsoron shigowarka, in ƙunci ya wuce sati biyu ba ka barci ba ka jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kanka na zuwa maka, ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne, kamar yadda zuwa awon jini ba mutuwa ba ce. A auna maka hawan jini ma in ka je. Wadda kuma ake duka ko ake wulaƙantawa a gida, takaicinta ba abin da za ta yi numfashi ta shanye ba ne, ta sanar da magabatanta ko hukuma.

Da shekara ta zagayo na koma wurin telan nan, bayan na je na ba shi haƙuri shi ma ya ba ni. Wannan karon tun watan Rajab na kai ɗinkin, muka sa rana, na ba da rabin kuɗi, sauran sai na karɓa. Ranar ta zo na je, sai ya sosa ƙeya ya ce saura aikin wuya, jibi. Na ji wuyana ya ɗau zafi. Na ja benci na zauna, na ce wa yaronsa ya miƙo min ruwa, na sha, sannan na ce, "To jibin da ƙarfe nawa?"